Tarun da Bai Taɓa Bushewa Ba

Thunda, ta Rumphi
9 ga Satumba, 1996

Ɗana Fiskani,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kana kuma zuwa sujada, ba sai ranar da aka ce za a raba shayi ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da take tuna mini shekaruna duk lokacin da na gangara fadama. Akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu.

Wata uku ke nan ban ga rubutunka ba. Ban ce komai ba. Na dai lura cewa ɗan NyaBotha, wanda bai gama firamare ba, yana rubuto wa uwarsa duk wata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kifin mahaifinka yana mutuwa.

Ka san makumban nan, wato karfasarmu, ba irin na kowa ba ne. Shekarar da aka haife ka ya ɗauko su daga kogin Rukuru a cikin tulu, a bayan keke, yana tsayawa a kowane rafi yana sauya musu ruwa. Shekara ashirin da biyar yana zaɓar masu saurin girma yana mayarwa, har mutane suka riƙa zuwa daga bayan dutse neman irin Msiska, da sunansa suke kiran kifin. Da zai rasu bara, bai ce in kula da gida ba, bai ce in kula da kai ba. Cewa ya yi kada in bari irin ya ɓace. Na ji haushin hakan a lokacin. Amma na amsa, kuma ni ba na amsa abu in saki.

Tun tsakiyar Agusta, da sassafe sai in tarar da su a saman ruwa, baki buɗe, suna haɗiyar iska kamar wanda ya hau tudu a guje. Suna cunkushewa inda ruwa ke shigowa, suna goga kai da bangon tafki. Na watsa dusa, ta yini tana yawo ba mai taɓa ta. Ƙanana suka fara mutuwa. Na ɗaga murfin kumatun wani, na tarar jan naman nan da yake numfashi da shi ya koɗe, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa.

Ba ni kaɗai ba ce. Tafki goma sha ɗaya ne a ƙungiyarmu ta mata da nake wa sakatariya, tara suna cikin wannan hali, sauran biyun ma sun fara. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce a ƙara ruwa. Daga ina? Rafin ya ja, ko idon sawu ba ya rufewa.

Tafki ɗaya ne a duk fadamar nan kifinsa ke wasa, na NyaLuhanga, wadda muka kora daga ƙungiya. Mata sun fara magana ƙasa-ƙasa. Na tsawata musu, na ce macen da ta ɗaura farin ɗankwalin coci ba ta ambaton maita. Amma ba zan ɓoye maka ba, abin yana ci mini rai, a ce masu gaskiya suna kwasar gawa a kwando, ita tana zaune a gindin ayaba tana waƙa.

Ana biyanka albashi don ka duba kifi. Duba na ubanka.

Uwarka,
Esnart NyaHarawa


Tashar Kifi, ta Zomba
22 ga Satumba, 1996

Amama,

Na durƙusa na gaishe ki. Ina lafiya, kuma ina zuwa coci, a nan ko shayin ba a rabawa. Ki riƙa shafa man da na aiko miki a gwiwar, ba ajiye shi don baƙi aka ce ki yi ba.

Wasiƙarki ta yi kwana goma sha ɗaya a hanya. Ki yi haƙuri da shiruna, ba ni da hujjar da za ki karɓa.

Amama, ni ba babban jami'i ba ne, mataimaki ne a ɗakin gwaji. Daga nan ba zan iya faɗin sunan ciwon ba, sai na gani. Kafin nan, ki daina zuba taki a tafkin, ki rage dusa, waɗanda suka mutu ki binne su nesa da ruwa.

Ga abin da nake roƙo. Ki kama uku da suka kusa mutuwa amma ba su mutu ba, ki yanke kawunan, ki sa su a kwalba mai murfi, ki cika ta da kachasu, barasar nan ta gida, mai ƙarfin, na farkon tsiyaya. Na san yadda fuskarki ta koma yanzu. Ba wanda zai sha. Shi ne zai hana naman ruɓewa kafin ya iso ni, kuma babu wani abu a Thunda da zai yi wannan aikin. Ki ba amintacce ya kawo mini.

Sai maganar NyaLuhanga. Ko kin manta, ko ba ki son tunawa, Adada, mahaifina, da hannunsa ya ba ta iri shekarar da mijinta ya rasu. Idan namu ya ƙare, irin Msiska na asali, wanda bai gauraya ba, a tafkinta kaɗai ya rage a duniya. Ban san me ya haɗa ku ba, ina makaranta aka yi abin. Ki shirya da ita, Amama. Ki gyara abin da ke tsakaninku tun kafin ranar da za mu je roƙo.

Ɗanki,
Fiskani


Thunda
6 ga Oktoba, 1996

Fiskani,

Gaisuwa. Na gode Allah da kake lafiya. Gwiwa tana nan, man ma yana nan, saura rabi.

Kwalbarka tana hannun Malam Kumwenda na makarantar firamare, zai sauka Zomba kan maganar takardunsa, shi zai ba ka wannan wasiƙar. Ina so ka san abin da ta ci mini. Shekara talatin ina tsayawa gaban mata ina faɗa a kan gidan da ake dafa kachasu. Na tafi can da rana tsaka, ta babbar hanya, don kada a ce na saɗaɗa. Mashaya suna zaune a ƙarƙashin mangwaro, da suka gan ni duk suka miƙe suka cire huluna. Tsoho Chiukepo ya ce, "Amama sakatariya, a kawo miki kujera ko a tsaye kike sha?" Na ce masa na kifi ne. Ya dafa ƙirji, ya ce shekara arba'in yana neman abin da zai faɗa wa matarsa, bai taɓa tuna kifi ba. Har na bar wurin suna dariya. Ranar Lahadi na tashi a gaban dattawan coci na yi bayani da kaina kafin wani ya riga ni.

Tunda ka ce ba ka san abin da ya haɗa mu da matar nan ba, ga shi, don kada ka ɗauka uwarka tana ƙin mutane haka kawai.

Taru ɗaya ne da ƙungiya. A da kowace takan ɗauka ta yi aikinta ta dawo da shi lokacin da ta ga dama. Shekara biyu da suka wuce NyaLuhanga ta ɗauka ta riƙe shi kwana uku, ta dawo da shi da yaga da mutum zai iya wucewa ta ciki. Ta ce wai shanya shi ta yi, wai mahaifinka ya gaya mata taru yana son rana, saniya ce ta bi ta kai. Kowa ya san ƙanenta yana kamun kifi a kogi. Na ce ara masa ta yi, na kira ta maƙaryaciya a gaban mata, kuma na ƙara jin zafi da ta sa sunan mijina a cikin ƙaryarta. Muka cire ta.

Daga nan na kafa doka, aka sa hannu. Taru ba ya kwana gidan kowa. Ranar kamu ɗaya ce, Asabar. Daga wannan tafki sai wancan, hannu da hannu, yana ɗigar ruwa, ba wadda za ta ce bari in ajiye. Da yamma in naɗe shi in sa a ganga in kulle. Tun daga ranar ko zare ɗaya bai tsinke ba. Abin da tsari yake yi ke nan. Yanzu ma duk mako biyu muke zagayawa da shi, don mu tsamo abin da za mu tsamo mu kyafe kafin ya mutu a banza.

Manya sun fara. Jiya na binne goma sha huɗu, har da babban namijin nan mai jan gefen wutsiya da mahaifinka yake kira Shugaba. Na daina taki, na rage dusa, ba abin da ya sauya. Ina tsayawa a bakin ruwa ina kallonsu suna shaƙewa, ba inda zan kama.

Maganarka ta in shirya da ita ba ta yi mini daɗi ba. Ban saba ɗa ya koya wa uwa yafiya ba. Zan kai ta gaban Ubangiji.

Uwarka,
Esnart NyaHarawa


Tashar Kifi, ta Zomba
18 ga Oktoba, 1996

Amama,

Gaisuwa, ina lafiya. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yi komai.

Malam Kumwenda ya tsaya Lilongwe wajen 'yarsa, jiya ya iso. Na sa naman a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, na ga mai kashe kifin. Tsutsa ce, amma ba zagayayya ba, faffaɗa ce kamar ɗan ganye, ido ba ya ganinta. A kanta akwai ɗigo baƙaƙe huɗu, a gindinta ƙugiyoyi, da su take kafe kanta a naman numfashi tana ci. A sili ɗaya na ƙirga saba'in na daina. Naman yana kumbura ya yi yauƙi, kifi ya shaƙe yana cikin ruwa. Tana zuba ƙwai, a wannan zafin kwana kaɗan sun ƙyanƙyashe sun tafi neman wani kifin.

Daga ina ta fara, ban sani ba. Mai yiwuwa wata ta sayo 'ya'yan kifi daga wani wuri. Amma ba ta da ƙafa, ba ta tsallake ganuwar tafki. Sai an ɗauke ta. Ina wannan tunanin na buɗe wasiƙarki, na kai wurin dokar taru. Na ajiye takardar na fita waje.

Amama, tarun ne. Ƙwan da yauƙin suna manne masa muddin yana jiƙe. Rana ce take kashe su. Adada ya yi gaskiya, taru yana son rana. Tafkin NyaLuhanga ya tsira ne don kun kore ta, tarun bai shiga ruwanta ba shekara biyu.

Kada taru ya kusanci tafkinta. Kada bokitinku ya shiga, kada wadda ta fito daga naku ta sa ƙafa a nata. Ki fitar da shi daga ganga yau, ki shanya shi a rana kwana huɗu, har ya yi ƙaƙas.

Naki da suka rage, ki zuba gishiri kofin shayi biyu cike a babban bokiti, ki tsoma su kamar minti goma, wanda ya fara kifewa ki cire shi nan take. Amma idan kika mayar da su tsohon ruwan, za su sake ɗauka.

Na buga waya gidan wayar kasuwarmu sau uku don a aiko miki saƙo, layin ba ya shiga. Na nemi hutu, an ce sai Disamba. Wannan takardar ita kaɗai nake da ita.

Fiskani


Thunda
20 ga Oktoba, 1996

Msiska,

Ka ga yau da sunan gidanku na kira ka, ka san raina fari ne. Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Lafiyata ƙalau. Ban sami amsarka a kan kwalbar ba tukuna, amma ba zan iya jira ba.

Na yi abin da ka ce.

Mako biyu ina fama da maganarka. Na duba zuciyata na ga abu ɗaya da ba na so: ban ga ƙanenta da tarun da idona ba. Ji na yi, na yanke hukunci. Ranar Alhamis na tara mata na faɗa musu haka. NyaBotha ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Na ce a mayar da sunan NyaLuhanga cikin littafi, kuma tunda a kan taru aka kore ta, da taru za a dawo da ita. Tuba da baki kaɗai ba tuba ba ce.

Jiya Asabar, da muka gama jan tafkina, ban miƙa wa ta kusa ba. Na naɗe shi na ɗora a kaina, ruwa yana bin bayana har cikin zane, na haye da wannan gwiwar har gidanta, mata suna biye da ni. Na tarar tana ɓarar gyaɗa. Ba ta tashi ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa, taru na kawo mata.

Ta ce, "Shekara biyu ina kama kifina da kwando kamar mai tace gari, ban mutu ba. Me ya faru, sakatariya, gangar ce ta huje?"

Na ce mata na kira ta maƙaryaciya a gaban waɗannan matan, ban gani da idona ba, kuma a gabansu na zo in janye. Sai ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta ɗaure zane, ta ce in kama wancan gefen tunda na fi ta tsawo.

Sau uku muka ja, daga wannan bango zuwa wancan. Fiskani, da ka gani. Kifin mahaifinka ne sak, masu kauri, mazan da jan gefen nan kamar an shafa musu jini. Na ɗaga kumatun ɗaya, ja wur. Na juya baya don kada mata su ga fuskata. Ta ɗebi kaɗan ta mayar da sauran, ta ba ni biyu. Na ci da nsima, tuwon masararmu, rabona da in ci kifi da daɗi tun Yuli.

Ban roƙe ta iri ba, kuma ba zan roƙa ba sai an kwana biyu, don kada ta ce don shi na zo. Ka riƙe wannan a rayuwarka: idan za ka gyara laifi, ka gyara shi gaba ɗaya.

Uwarka


Thunda
31 ga Oktoba, 1996

Fiskani,

Ina lafiya. Wasiƙarka ta ranar sha takwas jiya ta iso. Tawa ta ranar ashirin tana hannunka ko tana hanya, don haka ka san abin da na yi.

A tsaye na karanta ta a bakin kasuwa. Ban koma gida ba, na wuce gidan NyaLuhanga, na karanta mata tun daga gaisuwa, tunda ba ta karatu. Ta ce in maimaita wurin da ka ce taru yana son rana. Na maimaita. Ta tashi ta je bakin tafkinta ta tsaya, ni ma na bi ta. Kifin suna wasa kamar kullum. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin ci gaba da ƙina, NyaHarawa, da kifina sun yi tsawon rai."

Na sunkuyar da kai na koma gida. Ka san ba halina ba ne.

Na rubuta maka shafi guda cewa laifinka ne, kai ka ce in gyara, ba ka ce in gyara da hannu wofi ba. Na karanta shi na sa a murhu. Kai ka ce in shirya da ita. Ni na zaɓi in yi shi da gayya, da taru a ka da mata a baya, don a gani.

Tarun yana kan igiya. Na yi wa nawa wankan gishiri, ashirin da biyu suka rage, na mayar da su tsohon ruwan don ba ni da wani. Kwana goma sha biyu ke nan da shigar tarun tafkinta. Kullum da sassafe muna zuwa mu duba. Ka gaya mini ko akwai yiwuwar ba ta kama ba. Kada ka yi mini ƙarya don in ji daɗi.

Uwarka


Tashar Kifi, ta Zomba
12 ga Nuwamba, 1996

Amama,

Gaisuwa. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon na fara buɗewa.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Ja uku da jiƙaƙƙen taru, daga tafkinki kai tsaye, ba na tsammanin ta tsira. Ya kamata in tambaye ki yadda kuke kamu tun a wasiƙata ta farko. Tambayar farko ke nan da aka koya mana.

Kada ku jira. Ku haƙa sabon ƙaramin tafki can sama a idon ruwa, inda ruwan bai bi ta tafkin kowa ba. Ku zaɓi masu ƙarfi daga na NyaLuhanga, maza da mata, da busasshen kwando. Ku yi musu wankan gishiri, ku sa su a ganga mai tsabta da sabon ruwa kullum, bayan kwana uku ku sake wankan, sannan ku sake su a sabon tafkin. Wasu gishirin zai kashe su. Ko an yi duka daidai, ban yi miki alkawari ba.

Hutun ya koma Janairu.

Ɗanki,
Fiskani


Thunda
15 ga Disamba, 1996

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ruwan sama ya sauka, mun shuka. Gwiwar ta kumbura saboda haƙa, man ya ƙare. Ka ga shiruna, yanzu na san yadda mutum yake rasa abin rubutawa.

Tafkina babu komai. Na ƙarshe ya mutu ranar tara ga Nuwamba. Na yanke ganuwa na bar rana ta ci laka.

Na NyaLuhanga sun fara hawa sama kwana goma sha tara bayan tarun. Kafin wasiƙarka ta iso ta binne ƙananan duka. Ba ta sake yi mini gori ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Da na karanta mata umarninka, ta ɗauki fartanya ta yi gaba. Mu biyu muka fara haƙa a idon ruwan da ke bayan gonar ayabarta, washegari mata shida suka zo. Tsoho Chiukepo ma ya zo da shebur, ya ce shi da kifin nan abokan sha ne, ba zai bar su ba. Ban kore shi ba.

Ashirin da huɗu muka zaɓa. Wurin raba maza da mata na tsaya kamar itace. Shekara ashirin da biyar mahaifinka yana kirana in zo in koya, ina cewa ba mutuncin mace ba ne ta riƙa juya kifi tana leƙa ƙarƙashinsa. Ita NyaLuhanga ya koya mata. Wankan farko ya kashe bakwai, na biyu shida, huɗu suka bi bayan an sake su. Bakwai ke nan a duniya, Fiskani, maza biyar, mata biyu. Ɗaya daga cikin matan ta mutu ranar biyu ga wata.

Wadda ta rage ta daina cin dusa ranar huɗu ga wata. Ta ware kanta a kusurwa, ƙarƙashin ciyawa, murfin kumatunta yana motsi. Ka san da haka ciwon yake farawa. Ka kuma san makumba idan ta ɗauki ƙwai a baki, ba ta ci, kuma takan ware kanta. Daga bakin ruwa ba a bambancewa. Na ce mu kama ta mu duba, idan ciwon ne mu sa ta a gishiri tun da wuri. NyaLuhanga ta ce idan ƙwai ne, da ta ji hannu za ta tofar da su, shi ke nan. Na ce idan kuma ciwon ne fa, mu zuba ido ta mutu? Na riga na miƙa hannu wajen kwando.

Ta ce, "Zauna, NyaHarawa. Sau ɗaya dai a rayuwarki, ki sa hannun nan a cinya ki bar abu."

Na zauna. Kwana goma sha ɗaya muna zaman nan, safe da yamma, ita da gyaɗarta, ni da hannu a cinya. Na yi addu'a, amma ban san me zan roƙa ba, tunda abin da ke bakinta ya riga ya kasance, ko wanne ne.

Yau da safe, kafin ƙararrawar coci, muna zaune sai ta damƙe mini hannu. Ta ce in duba, kifin ta buɗe baki, wani abu kamar garin dusa ya fito yana yawo a gabanta, inuwar tsuntsu ta wuce, duk suka koma ciki. Na duba har idona ya yi ruwa. Ruwan ya yi ja saboda damina, idona kuma ba na da ba ne. Na ga inuwar kifin kawai. Mun jira har aka fara waƙar buɗe sujada, kifin ba ta sake buɗe baki ba.

Ni ban gani ba. Babu wani a wurin sai mu biyu. Ta ce ta gani.

Na dawo gida na buɗe littafin ƙungiya, ƙasa da shafin da na rubuta korarta, na sa kwanan wata, na rubuta cewa yau an ga 'ya'yan irin Msiska a sabon tafki, shaida NyaLuhanga. Na sa hannu.

Idan za ka zo, ka taho mini da tabarau.

Uwarka,
Esnart NyaHarawa